Layin da Munji Ya Bari a Bakin Hanya

Gonar kolza tana magana idan ta nuna. Ban san haka ba sai shekarar da surukina Munji, mijin 'yata Jalila, ya shuka ta a rabin gonarsa da ke gangaren Baja. Idan rana ta take sai ka ji ƙas, can ma ƙas, kamar ana kashe kwarkwata a kan farce. Kwanso ne ke fashewa, baƙaƙen ƙwayoyin da ake matse mai daga jikinsu suna zubewa ƙasa.

Wata malama daga tashar binciken noma ce ta sa shi. Ta ce ƙasar ta gaji da alkama a kan alkama, a ratsa da kolza lokacin sanyi, baɗi alkamar za ta yi kyau. Ya yarda, har ya yi wa gonar inshorar ƙanƙara. Da ta yi fure sai gangaren ya koma rawaya, irin rawayar hardal, ciyawar da iyayenmu suka tsufa suna tugewa. A wajenmu gona mai rawaya gonar rago ce.

"Si Munji, ciyawar taka ta yi kyau bana," in ji Shadli mai shagon gahawa. "Taki ka sa mata?"

"Har inshora ya yi mata," in ji wani daga teburin karta. "Idan ta mutu a zo a yi masa ta'aziyya."

Munji ya daina zuwa shagon. Ni kuwa furen ya burge ni, don ƙudan zuman da suka sauka a kansa sun yi ta komawa gida kamar an tsoma su cikin kurkum.

Ana gab da girbi ƙanƙara ta sauko daga wajen dutse. Ta farfasa ɓangaren da ke bakin rafi, ta karya kara, ta kakkaɓe kwanso. Ɓangaren bakin hanya kuwa ɗan yayyafi kawai ya samu. Munji ya buga wa masu inshora waya, suka ce mai dubawarsu yana wani kwari, zai zo.

Mu manoman alkama ne. Abin da muka gada shi ne, gonar da ƙanƙara ta daka ba a taɓa ta sai mai dubawa ya taka ta da ƙafarsa, in ka yanke ka yanke shaidarka. Alkama ba ta damu ba, tana tsaye tana jiranka. Kolza ba ta iya jira ba.

Munji ya kasa zama. Ya je gona ya dawo, ya zuba shayi ya bar shi ya huce, ya leƙa hanya, ya sake buga waya. Tijani mai injin girbi yana ƙarasa gonakin ƙauyenmu, daga nan zai yi arewa, ba ya waiwaye. Sararin kudu ya fara yin ja-ja, alamar shahili, iskar da ke busar da miyau a baki. Ni ina zaune a kan dutsen iyaka ina kallon tururuwa. Sun yi hanya daga gonar zuwa raminsu, kowace da baƙar ƙwaya a baki, kamar mata masu dawowa daga rijiya.

"A yanke," in ji Jalila.

"In yanke masu inshora su ce ba su ga komai ba?" in ji Munji.

"In ka jira ma ba za su ga komai ba. Tambayi Baba, shi ne ke hira da ita."

"Ammi Humais yana hira har da kwaɗi," in ji Munji, don haka ake kirana, Ammi, wato Baffa.

"Kwaɗin ba su taɓa yi mini ƙarya ba," na ce.

Washegari da safe Jalila ta ɗauko zanin da take shanya kuskus, ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin kolzar, a ɓangaren da ƙanƙara ba ta taɓa ba. Da azahar ta naɗo shi, ta zazzage a farantin Munji kafin ta zuba masa abinci. Farantin ya yi baƙi.

"Wannan na faɗin zani ɗaya ne," ta ce. "Ci, kafin tururuwa su riga ka."

Ya daɗe yana motsa ƙwayoyin da ɗan yatsa. Sannan ya kira malamar tashar bincike. Na ji muryarta daga inda nake. Ta ce a yanke yau, amma a bar layi guda a tsaye, mai dubawa zai auna ɓarnar daga nan, haka ake yi.

Tijani ya zo da la'asar yana mita, wai ƙwayar nan tana bin kowace kafa ta injinsa kamar ruwa. Ya leƙo daga sama ya ce, "Ina zan bari?"

Munji ya dubi bakin rafi, inda kara ya kwanta kamar an yi dambe a kansa. Ya juyo ya dubi hanya, inda mutanen shagon gahawa ke bi zuwa kasuwa. A nan ne kowannenmu ke ninka taki, nan ake miƙe kunya, nan ake cire ciyawa da hannu. Ba a nuna wa hanya mummunan gefen gona.

"Bakin hanya," ya ce.

Babu wanda ya ga laifin maganar, har Jalila. Aka yanke, aka cika buhuna, ba kamar yadda aka sa rai ba, amma sun fi ƙarfin keken jakinmu. Tijani ya yi arewa.

Mai dubawa ya zo daga baya, wani dogo da ake kira Si Lutfi, da hular kaba. Ya shiga layin yana juya kara ɗaya bayan ɗaya, yana neman farin tabon da ƙanƙara ke bari.

"Ina wurin da ta daka?"

"Can, bakin rafi," in ji Munji.

"Can ai guntayen kara ne, injin ya tauna."

"Amma kowa ya ga ta sauko. Ammi Humais, faɗa masa."

"Ta kai ƙwan tantabara," na ce. "Na tsinci wata mai kamar kunnen mutum."

"Na yarda da kai, Ammi," in ji Si Lutfi. "Amma abin da ke tsaye nake aunawa. Wannan layin kuwa, masha Allah, ban ga mai kyansa ba a duk yankin nan."

Munji ya dubi layin. Na ga kamar yabon ya ɗan shige shi kafin ya gane cewa ba za a ba shi komai ba. Jalila da ke tsaye a bakin gona ta gyara mayafinta ta koma gida.

Shahili ta iso da hantsin washegari. Layin yana nan tsaye, babu injin da zai yanke shi, ya yini yana ƙas-ƙas har ana ji daga tsakar gida. Shadli ya wuce a kan babur, ya rage gudu, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi gaba. Munji ya tashi ya rufe taga. Zafi ya dame shi ya buɗe, ya je ya taɓa buhunan, ya dawo ya sake rufewa. Ni na ɗauki sandata na tafi wajen tururuwa.