Matashin da Aka Ajiye a Kujerar Yallaɓai

Aikinsa a asibitin biyu ne: ya tantance takardun duk wanda zai taɓa majinyaci, ya kuma hukunta duk bakin da ya fitar da sirrin marar lafiya. Ma'aikata suna ce masa Ina-Katinka, don ko babban likita ne ya mance katin shaida a mota, sai ya koma ya ɗauko.

To, shi ma basir ya sako shi gaba. Ya yi ta cijewa, yana zama a karkace, har abin ya fi ƙarfinsa. Da ya shiga ɗakin duba marasa lafiya, sai da ya karanta katin sistar da ke aiki tsaf, ya tabbatar lasisinta bai ƙare ba, sannan bawan Allah ya sassauta bel. Kunya kamar ya nutse.

Washegari ya tarar da matashi mai laushi a kan kujerarsa. Shi ke nan, sistar nan ta faɗa wa duniya. Daga nan ko dariya aka yi a baranda, gani yake da shi ake.

A taron ma'aikata ya miƙe, dama tsayuwar ta fi masa sauƙi, ya nuna sistar. "Ajiye katinki a tebur. An dakatar da ke."

"Yallaɓai, me na yi?"

"Kin fi kowa sani."

"Wallahi ban sani ba." Ita ke riƙe da ƙannenta da wannan aikin, shi ma ya sani.

Ransa ya ƙara ɓaci. "Ke kaɗai kika duba basir ɗina. To wa ya ajiye min matashi?"

Can baya mai shara ta ɗaga hannu. "Ni ce, Yallaɓai. Ledar kujerar ce ta yage, soso duk ya fito. Na ce kada ya ɓata maka wando."

Sistar tana tsaye da kati a hannu, ko kallonsa ba ta yi. Da ƙyar ya ce ta mayar da katinta wuya.

Babban likita ya gyara tabarau, ya ce cikin tausayi, "Mu dai yanzu muke ji, daga bakinka. Allah ya ba ka lafiya."

Duk ɗakin, har direban motar asibiti, suka amsa da amin.