Wuƙar Kofur Iliya

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Autata Suwaiba ta gama horon 'yan sanda, an tura ta wani gari da sai an yini a mota kafin a kai, kuma yau da hantsi za ta tafi. Jiya da yamma ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, sun ba mu kaki da kulki da ankwa, sun ce sauran ƙananan kaya kowa ya nemi nasa. Wace irin wuƙa zan riƙe? Me da me zan ɗaura a bel?" Shekara talatin da biyar na yi a wannan aiki kafin na ajiye shi da igiya uku a hannu, amma sai na ce mata ta je ta tambayi waɗanda suka ɗauke ta. Tun ranar da ta cike takardar shiga ban yi mata magana mai daɗi a kan aikin ba. Ba ƙinta nake yi ba, tsoro nake ji, ni kuwa idan tsoro ya kama ni bakina ne yake fara ɗaci. Ta ce to, ta tashi, ni ma na kwanta da abina a rai.

Sai ga ni a filin fareti na barikinmu na farko, da rana tsaka, na koma sabon kurtu. Kakina ya sha sitaci har yana iya tsayuwa shi kaɗai, kuma hakan ya yi. Yana cikin sahu ya ƙame, ni ina gefe da singileti ina jiran a sallame shi. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, matan bariki sun rataye bokitai a kife suna tara. Ƙamshin wake da shinkafar Maman Talatu yana tasowa daga bayan kanti kamar yadda yake yi shekaru arba'in da suka wuce, har na ji yunwar ƙuruciya ta dawo mini. Aka busa usur, aka ce Kurtu Lawandi ya tafi sito. Na shiga kakina na tafi.

Mai kula da sito wata jar akuya ce da tabarau. Ta jawo fayil ɗina, ta cinye shafi biyu, ta ɗan yi tuƙa, sannan ta ce, "Yanzu na san ka."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Abin da ka ɗauka a nan, shi 'yarka za ta tarar a ƙugunta. Sau ɗaya ake shiga."

"Ranki ya daɗe, ni ko aure ban yi ba."

"Wannan ba matsalar sito ba ce. Wuce."

A ciki wuƙaƙe ne zazzaune a kan benci, su suke yi wa mutane tambayoyi kafin su yarda a ɗauke su. Wata doguwa mai jan kube ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Mutum nawa ka taɓa sokewa?" Na ce ko ɗaya. Ta ce, "To me za ka yi da ni?" Na ce ba ni ba ne, 'yata ce, kuma garin da za ta je ban san kowa ba. Ta yi tsaki, amma ta hau bel ɗina ta zauna. Ganin haka wata adda ta biyo ta, sai wata mai baki biyu da ta ce daga ƙasar waje take kuma ba ta son a taɓa ta da hannun da ya ci goro. Ban hana kowa ba. Duk wadda ta fi muni a ido, ita na fi yi wa maraba.

Daga nan na shiga kwasar sauran kaya. Rigar sulke na sa guda biyu, ɗaya kan ɗaya. Na ɗauki tocila mai girman taɓarya, da ankwa uku, da sarƙa, da wani kwado da ban san ƙofar da zan kulle da shi ba. Duk abin da na ɗora sai bel ɗin ya ƙara tsawo ya sake zagaye ni, har sau bakwai. Da na zo fita sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa, siminti ya haɗiye ni zuwa gwiwa. Akuyar ta leƙo ta saman tabarau, ta buga hatimi a goshina, ta ce kaya sun cika.

Ta tagar sito na hango tasha. Suwaiba na tsaye da kaki, kayan da ke jikina duk suna jikinta, ita ma ta nutse zuwa gwiwa. Motar da za ta ɗauke ta ta zo da baya, ta jira, ta gaji, ta tafi da baya. Suwaiba ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli inda nake ba. Haka take tun tana ƙarama, idan an ɓata mata rai sai ta kalli ƙasa.

Sai na ga kaina a gindin darbejiyar da ke bayan caji ofis, ban san yadda aka yi na iso da wannan kaya ba. Kofur Iliya yana zaune a bencinmu yana ɓare lemo. Shi ne wanda aka haɗa ni da shi sintiri a shekarata ta farko, mutumin Zuru, baƙi siriri mai wushirya. Ranar Lahadi ni nake riƙe masa aiki ya je coci, ranar Juma'a shi yake riƙe mini. Shekara takwas ke nan da rasuwarsa, kuma har yau idan na ga lemo mai tsami shi nake tunawa. Na yi murna da ganinsa har na rasa gaisuwar da zan fara da ita.

Ya ce, "Kurtu, ƙaura kake yi ne?"

Na dubi hannunsa na dama. Na san shi da yatsu uku a wannan hannu, amma yau biyar ne cif. Na ce, "Kofur, yatsun sun dawo?"

"A nan ake ajiye su. Su suka riga ni zuwa, na tarar har sun kama mini ɗaki."

Muna haka sai ga gulbi ya shigo bariki ta ƙofar gaba. Mai gadi ya sara masa, ya wuce ta gaban kanti, ya zo ya kwanta a gabanmu. Na gane shi nan take, gulbin bayan gari ne na ranar da ba na son tunawa.

A zamaninmu, sabon kurtu yakan ɗinke aljihunansa duka da baƙin zare, don kaki ya kwanta sumul a fareti, kada Sufeto ya ga ko tudun goro. Manya suna yi, mu ma muka koya, ni kuwa na fi kowa iya ɗinkin, har wasu suna kawo mini nasu. Ranar muna tashi daga fareti aka tura mu mashigin gulbi saboda ruwa ya cika. Wani dattijo yana ƙetarewa da sansa, ruwa ya ja san, igiya ta naɗe ƙafar dattijon, suka tafi tare. Ni na fara isa gare shi. Na riƙe shi da hannu ɗaya, na kai ɗayan hannun aljihu don ɗauko wuƙa, na ji shi a shafe. Wuƙata tana can bariki a ƙarƙashin matashi, don babu inda zan sa ta. Iliya ya faɗo ruwan, ya naɗe igiyar a hannunsa don ya tsayar da ita, ya buɗe 'yar wuƙarsa da haƙori ya yanke. Dattijon ya rayu, amma igiyar ta tafi da yatsun Iliya biyu. A rahotonsa ya rubuta cewa Kurtu Lawandi ya nuna jarunta. Bai taɓa ambaton aljihuna ga kowa ba, har ni kaina.

Yanzu ga shi duk yana sake faruwa a gabanmu, san yana iyo a sama, dattijon yana gaishe mu yana wucewa. Iliya ya miƙa mini ɓarin lemo ya ce, "Sauke kayan nan, kana danne mini inuwa."

Ya shiga kwance su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya cire sai ya bi ruwa ya hau sama. Doguwar wuƙar nan tana tafiya tana zagina, ta ƙasar waje kuma ta ce za ta kai ƙara. Ya ce, "A shekarunka duka, wa ka soka?" Na ce babu. Ya ce, "To me ka yanka?" Na fara tunawa. Bel ɗin direban da motarsa ta kife a kwanar kasuwa. Wandon wani ɗan acaba da za a ɗaure masa karaya. Cibiyar jaririyar da aka haifa a bayan motar sintiri, wadda daga baya ta gayyace ni bikinta. Igiya kam ban san iyaka ba, goro da lemo kuwa ba a magana.

Abin da ya bar mini bai cika tafin hannu biyu ba: usur, 'yar tocilar da za a iya riƙewa da baki, naɗin bandeji, da safar hannu ta roba. Ya ɗora 'yar wuƙarsa mai naɗewa a sama, wadda ƙotarta ta baƙin ƙaho ta sha hannu har ta yi santsi. Ya ce, "'Yarka ta sa ta gaba, inda hannun dama da na hagu duk za su kai. Ta koyi buɗe ta da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da mutum. Ta wasa ta duk ranar da ta wanke kaki. Shi ke nan karatun."

Na ce, "Kofur, ai wuƙar nan tana akwatina, kai ka ba ni a asibiti."

"Na sani. Na ba ka ne don ta yi aiki, kai kuma ka naɗe ta a tsumma tare da lambobin yabo. Kira yarinyar, ga ta can."

Tashar ta matso har gindin darbejiya. Suwaiba ta fito daga ƙasa, ƙugunta ba nauyi, mota tana jiranta. Na buɗe baki zan kira ta, baki ya ƙi buɗuwa. Na shafa, sai na ji ɗinki da baƙin zare daga wannan gefe zuwa wancan, ƙanana a jere, ba wanda ya karkace. Na gane aikin hannuna ne. Ta sa ƙafa ɗaya a mota. Iliya ya girgiza kai, ya goge wuƙar a cinyarsa, ya kama haɓata ya ce kada in motsa. Ya tsinke zare ɗaya, ya tsinke na biyu, sai sauran suka fara tsinkewa da kansu, kat-kat-kat, kat-kat-kat, ƙarar tana ƙaruwa har ta cika bariki.

Na farka, gari ya fara haske, na ma makara sallar asuba. Ƙarar tana nan ba ta tsaya ba, keken ɗinkin uwargidana ne a tsakar gida. Na fito ba ko hula. Suwaiba na tsaye tana riƙe da wandon kaki, uwarta ta riga ta shafe aljihun riga biyu tana shirin kama na uku.

Na ce, "Dakata."

Uwargida ta ce, "Malam, ita ta ce haka ake yi, duk 'yan ajinsu sun ɗinke nasu."

Na koma ɗaki na buɗe akwati, na kwance tsumman, na fito da wuƙar. Ta ɗan yi tauri, amma ta buɗe. Na karɓi rigar na zauna a kan turmi na fara farke ɗinkin, su biyun suna kallona.

Suwaiba ta ce a hankali, "Baba, za a hukunta ni a fareti."

Na ce, "Su hukunta ki, sharar bariki ce, ni ma na yi ta. Wuƙar nan a wannan aljihun za ta zauna, kuma kafin motarki ta tashi zan gaya miki ko ta wane ne. Allah ya yi miki albarka, Auta, ya tsare mini ke."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinke zaren. Ita kuma ta matso ta riƙe mini ɗaya gefen rigar.