Layin Masu Jiran Motar Dutsi

A aljihun wata rigar kwat ta gwanjo na tsinci takardar. Na sayi rigar a kasuwar Daura don aljihunta bakwai ne, ban taɓa ganin riga mai aljihu bakwai ba. Shida babu komai a ciki sai zare da ƙanshin wata ƙasa. A na bakwai na sami takarda mai sheƙi an ninke ta gida huɗu, da hotunan kwanuka goma, kowanne da lambarsa. A kowane kwano taliya ce kwance cikin romo, ga rabin ƙwai a gefe yana kallon mutum kamar ido.

Na kai wa Zakiyyu, tsohon hedimastan firamarenmu ta Sandamu. Ya sa tabarau ya karanta. Ya ce jerin wurare goma ne da suka fi ko'ina iya taliya a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, sunan taliyar ramen. Baƙi ake buga wa takardar don kada su yi ta yawo da yunwa.

Lamba ɗaya kujeru tara ne kacal a cikinsa, idan romo ya ƙare sai a rufe ƙofa ko da sarki ne a waje. Lamba huɗu a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yake, duk sanda jirgi ya wuce romo yana rawa a kwano, kuma wai wasu don rawar suke zuwa. Akwai wanda tukunyarsa ba ta sauka daga wuta ba shekara talatin. Amma lamba bakwai ne ya hana ni sukuni. A can kowa ɗan ɗakinsa yake shiga shi kaɗai, katako a dama, katako a hagu, asabari a gaba. Ba ka ganin mai dafawa, ba ya ganinka. Hannu biyu kawai za su turo kwano ta ƙarƙashin asabarin su koma.

“Wane nama ne wannan a sama?” na tambaye shi.

Ya ɗora babban yatsa a kan wurin. “Wannan kada ka tambaya, Nagoggo.”

“To yaya ake gane wanda ya fi?”

“Da layi. Inda layi ya fi tsawo, nan ne gaba. Kuma an ce a zuƙi taliyar da ƙara, girmama mai dafawa ne.”

A lokacin ƙanwata Adawiyya tana cikin damuwa. Shekara ashirin da shida tana murza taliya da ɗan injin hannu da marigayi mijinta ya sayo mata, tana shanya ta a kan igiya daga tsamiya zuwa rumbu. Da taliyar leda ta cika gari sai yara suka daina zuwa. Manya kuwa dama ba sa ci, ko dai ba sa yarda a gan su suna ci. Autanta Abbas, wanda ke aiki a Kano, ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa na sama, za ta koma can. Ita kuwa ta ce ɗakin da ba a jin kukan akuya daga cikinsa ba ɗaki ba ne. Da suka ja suka ja, ya yanke magana a gabana.

“Iya, bayan mako shida zan zo da mota. In na ga ko mutum goma suna jiran taliyarki, na bar ki da injinki. In ban gani ba, ki ɗaure kaya.”

Da na kai mata takardar ta daɗe tana kallon hotunan. Ta ce, “Yaya, wannan ai taliya ce ta faɗa cikin farfesu.”

“Haka suke so.”

“Allah ya kyauta. Su ma dai suna fama.”

Amma ta ɗora tukunya. Ƙashin sa tun asuba, da citta, da tafarnuwa. Zakiyyu ya ce su ma can suna da irin daddawarsu, sai ta jefa tamu. Ƙwan zabo aka raba biyu, aka yanka lawashi a kai. Tsinke biyun da suke ci da su ne suka gagare mu. Na gwada da tsinken tsire har taliyar ta huce ban kai ko ɗaya baki ba, sai muka koma cokali.

Ni na gina ɗakunan. Na huda katangar gidan ta wajen titi taga biyu, na rataya asabari, na kewaye kowace da zana. Biyu kawai zanan ya isa, kuma bango ɗaya suka haɗa. Mutane suka ce sun yi kama da wurin dangwala ƙuri'a. Na kafa doka uku kamar yadda takarda ta faɗa: ba a magana a ciki, mai son ƙari ya ƙwanƙwasa kwano sau biyu, wanda ya gama ya tashi. Ni kuma na ajiye kujera a bakin ƙofa.

Wani Bafillace ne ya fara shiga, ranar kasuwa, bayan ya sayar da bijimi. Shekarunsa sun kai hamsin bai taɓa cin abinci a kasuwa ba don kunya. Ya leƙa, ya ga babu ido ko ɗaya a ciki, ya jingine sandarsa. Zuƙar da ya yi har akuyar Adawiyya ta amsa. Da ya fito bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Kafin mako biyu dattawan gari sun gano wurin. Ashe duk shekarun nan suna son taliya, girma ne ya hana su. Kowa zai shiga da takalmansa a hammata don kada a gane shi daga waje. Saura tsayuwar jira, don ɗaki biyu ne, kuma ba wanda zai yarda a ce an gan shi a layin taliya. Zakiyyu ne ya samo mafita. Ya tsaya a bakin titi ya juya wa zana baya, ya sa hannu a goshi yana hangen gabas. Wani ya tambaye shi, ya ce motar Dutsi yake jira. Washegari mutum shida ne ke jiran motar Dutsi, a jere, kowa ya san wanda yake bi. Idan ɗaki ya samu sai in yi tari, na gaba ya ce bari ya zagaya kafin mota ta zo.

Wanda ya sha wahala shi ne Ya'u direba, mai motar Dutsin ta gaskiya. Kullum zai hango cincirindo ya taka birki, ya buɗe ƙofa.

“Dutsi! Dutsi! Alhaji, ga gaba babu kowa.”

“Je ka, Ya'u, ta bayanka muke jira.”

“Wace ta bayana? Ni kaɗai ne a hanyar nan!”

“To Allah ya kawo ta.”

Ranar da mako shida suka cika, Abbas ya iso da hantsi, ya kwantar da kujerun bayan motarsa don kaya. Na ƙirga mutum goma sha huɗu a bakin titi, raina fari ƙal. Ya gaishe ni, ya dubi zanan, ya dubi bayan dattawa.

“Kawu, ina masu jiran?”

“Ga su nan.”

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa. “Ranka ya daɗe, taliyar Iya ake jira?”

“Taliya? Ni? Yaro, dubi furfurata.”

Na biyu ya ce ta'aziyya za shi Dutsi. Na uku ya ce bai ma san ana sayar da wani abu a nan ba, alhali ga lawashi a gemunsa tun na jiya. Zakiyyu, wanda da bakinsa ya karanta mini takardar, ya ce likita ya hana shi fulawa. Ban taɓa tunanin wannan ba. Abin da ya kawo su shi ne ba a ganinsu, ga shi yau ganinsu ake nema.

Abbas ya dawo yana girgiza kai. “Kawu, tasha kuka buɗe. Bari in shiga in ce wa Iya ta fara ɗauri.”

“Ka ɗanɗana tukuna,” na ce. “Ko don ka san abin da za ka rufe.”

Ɗakin hagu ya samu a daidai lokacin, na tura shi ciki. Na manta shaf da wanda ke na dama. Malam Jibril ne, na'ibin liman, wanda ya sha faɗa a majalisa cewa taliya abincin yara ce. Kuma 'yarsa Ummukulsum ce matar Abbas.

Daga kujerata ina jin komai. Hagu shiru-shiru yake ci irin na 'yan birni. Dama kuwa ya ƙware, zuƙa yake kamar ana jan ruwa da tiyo. Can sai dama ya yi gyatsa, ya bi ta da hamdala da muryar nan da duk Sandamu ke bi salla a bayanta. Cokalin hagu ya tsaya. Ana cikin haka wayar Abbas ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri don ya kashe, sai muryar Ummukulsum ta fito fili:

“Ka isa? Don Allah kafin komai ka je ka gaida Baba, ka san shi da lura.”

Har kajin gidan suka daina tono.

Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, wannan kowa ya sani. Amma ba wanda ya taɓa faɗa mana yadda za a yi idan zana ɗaya ne a tsakani, kuma kowanne ya riga ya ji zuƙar ɗan'uwansa. Abbas ba zai fito ya riga babba ba. Malam ba zai fito ba sai yaron ya yi nisa. Ƙofofin kuma waje ɗaya suke kallo.

Na matsa na ce a hankali, ba tare da na kama suna ba, “Wanda ya gama ya tashi.”

Sai na ji ƙwas ƙwas daga dama. Hannayen Adawiyya suka turo ƙari. Jim kaɗan, ƙwas ƙwas daga hagu. Ita ba ta san ko su wane ne ba, murna take ta samu maciya. Kwano na uku ya shiga, na huɗu ya bi. Zuƙar dama ta koma nishi. Rana ta take tsaka, masu jiran motar Dutsi suka kai ashirin da bakwai, layi ya wuce shagon mai faci ya lanƙwasa. Masu hangen gabas suka fara waiwayen yamma.

Ya'u ya iso ya taka birki kamar kullum. Wannan karon bai kira Dutsi ba. Ya kashe mota ya fito, ya je ƙarshen layi ya tsaya ya sa hannu a goshi.

“Kai kuma me kake jira?” in ji Zakiyyu.

“Motar Dutsi.”

“Kai ne fa motar Dutsi!”

“To ku shiga mu tafi! Wata ɗaya kuna ƙona mini mai. In ba za ku shiga ba, ni dai yunwa nake ji, kuma ƙanshin nan ya ishe ni. Kai na ciki! A fito haka nan, taliyar ba ta gadon gidanku ba ce!”

Kamar an ɓalle bakin rumbu. Mai zuwa ta'aziyya ya ce tun safe bai karya ba don ya bar wa romo wuri. Mai lawashi a gemu ya ce shi ne na gaba, duk wanda ya tsallake shi za su haɗu a gaban hakimi. Zakiyyu ya manta da likita, ya ɗaga murya ya ce, “Adawiyya, a ajiye mini ƙwai, kada na ciki su cinye!” Dattawa ashirin da bakwai suka juyo gaba ɗaya suka fuskanci zana, suna kiran sunan taliya da rana tsaka.

Hayaniyar ce ta sa Adawiyya ta karya doka. Ta ɗaga asabarin hagu don ta ga wane ne wannan da ba ya ƙoshi, sai ta ga ɗanta zaune da takalma a cinya, gumi na zuba, ga kwano na biyar ko rabi bai ci ba. Ya sa yatsa a baki, ya nuna mata zanan dama da ido. Ta saurari hayaniyar waje, ta sake dubansa.

“Auta, goma ka ce ko?”

Ya gyaɗa kai.

“To in fito in ƙirga maka, ko ka ji da kunnenka?”

Ta taga ya bi ya shiga gidan, kai a gaba, ta ja shi ta hammata kamar ranar da aka haife shi. Taliya ta kusa ƙarewa, don haka ba ta bar shi ya huta ba, ta ɗora hannunsa a kan marfin injin. Ya murza har azahar da rigarsa ta ofis. Da zai tafi ya tayar da kujerun bayan motar, ba abin da ya ɗauka sai ƙullin busasshiyar taliya na Ummukulsum. Ya fita ta ƙofar baya, ya bi ta bayan gari don kada ya wuce gaban zanan.

Malam Jibril kuwa ba wanda ya iya gaya masa cewa hanya ta buɗe, don gaya masa yana nufin an san yana ciki. Da ɗaki ɗaya muka sallami layin. Sai da aka kira la'asar ya fito, rawani har hanci, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike. Duk muka juya muna hangen gabas. Washegari a majalisa ya ce Dutsi ya wuni, Ya'u ya ce ƙwarai, shi ne ma ya kai shi.

Takardar tana nan a aljihu na bakwai. A ƙasan lamba goma akwai ɗan fili fari. Na ari biron Zakiyyu na rubuta sha ɗaya, na zana kwano da rabin ƙwai, na sa Sandamu, bakin titi, kusa da mai faci. Wani lokaci ina tunanin mai rigar, ko yana can Tokiyo yana laluben aljihunsa, bai san inda zai ci abinci ba.