Kwalin Hawainiya

Maigidana mai gyaran agogo ne, amma in ka shigo falonmu sai ka rantse shagon kayan wasan yara ka faɗo. Wata ƙatuwar kabad mai gilashi ta cinye bango guda, cike da 'yan mutum-mutumin roba na katun ɗin da ake nunawa a talabijin tun muna yara. Kowanne yana cikin kwalinsa, a liƙe yadda ya fito daga kamfani, yana leƙenka ta tagar leda. Kwanukana masu kyau kuwa suna ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Na yi magana har bakina ya gaji.

Dokarsu, shi da abokansa masu irin wannan ciwo, ita ce ba a buɗewa. Wai da zarar an ɓare salatif ɗin, abin ya tashi daga kayan ajiya ya koma tarkace. Duk ranar hutu sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da ƙyallen da yake goge fuskar agogo, ya mayar. Sannan ya ja labule kada rana ta kashe launin kwali. Mu zauna a duhu da rana tsaka, saboda roba!

A cikinsu akwai Hawainiya mai kai saƙo, koriya shar, da jar jaka a kafaɗa da hula a karkace. A katun ɗin kullum a makare take isa. Ita ce ta shiga ran 'yarmu tilo, wadda muke kira Auta duk da ba ta da yayye. Tana ƙarama takan jawo kujera ta hau, ta manna hanci a gilashi.

"Baba, sau ɗaya kawai. Wutsiyar kawai zan taɓa."

"Sai kin girma, Auta, kin san darajarta."

Tana sauka zai zo da ƙyallensa ya goge shatin hancin.

Wata rana ta gano inda yake ɓoye makulli. Muka shigo muka tarar da ita a ƙasa ta rungume kwalin Hawainiya tana yi masa hira, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe. Bai dake ta ba, gara ma a ce dukan ya yi. Fizgewa ya yi, ya daka mata tsawa, ya zauna yana lallaɓa kusurwar da babban yatsa. Yarinya na kuka har da shessheƙa, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce, "Baban Auta, kwali kake rarrashi?" Bai ko ji ni ba. Tun daga ranar ba ta sake jawo kujera ba, kuma ba ta sake roƙonsa komai ba, ko fensir.

Haka ta girma, tsakaninta da shi sai gaisuwa. Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, irin tafiyar da ba a sa ranar dawowa. Shi kuma ga tsufa, ido ya fara yaudararsa. Ana gobe za ta tafi ya same ni ina ninke mata kaya, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Hawainiyar nan zan ba ta. In buɗe in sa mata a hannu. Ba na so ta tafi muna haka."

Na dube shi na ce, "Sai yanzu?" Amma wallahi raina ya yi fari.

Da safe mota na jira a waje, ya kira ta falo. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ɗauko siririyar wuƙar da yake buɗe bayan agogo da ita. Auta tana tsaye da jaka a kafaɗa, sai na ga ta matso. Ya yanke salatif ɗin. Wani wari ya taso kamar na tsohon fenti.

Yana ɗago Hawainiyar, kan ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Hannuwan suka zube. Wutsiyar da yarinyar nan ta yi ta roƙo ta narke ta liƙe a jikin leda. Ashe zaren robar da ke riƙe gaɓoɓin ya daɗe da ruɓewa a ciki, zafi da rashin iska sun gama da ita, ledar ce kawai ta riƙe ta a tsaye. Shekara da shekaru gawa yake gogewa. Yatsunsa duk suka yi kore, suna danƙo.

"Tsaya, tsaya, zan gyara," yake ta faɗi. Ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin tebur. "Ina hantsakina? Auta, kar ki tafi, yanzun nan zan haɗa."

Direba ya danna hon.

Auta ta sunkuya ta kama kafaɗarsa ta tashe shi. "Baba, bar shi haka. Ba ni wannan." Ta ɗauki kwalin.

"Ai babu komai a ciki."

"Ni ai shi na sani." Ta shafa kusurwar nan da ta lanƙwashe. "Nan ma ni na yi."

Ba da fushi ta faɗa ba, har da ɗan murmushi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta sa kwalin a jakarta a hankali, ta yi mana sallama, ta fita.

Na raka ta na dawo na same shi zaune inda muka bar shi, ƙofar kabad a buɗe, yana kallon sauran da ke jere. Bai taɓa ko ɗaya ba. Tun Auta na ƙarama nake tanadin ranar da zan ce masa ai na gaya maka, ga ranar ta zo, na kasa. Tausayinsa ya kama ni, da na yarinyar nan mai manna hanci a gilashi.

Na kawo masa ruwa da sabulu ya wanke koren da ke hannunsa. Ya dubi yatsun ya ce in bari tukuna.