Aljihun Gaba

Duk wanda ya san Na'ibi mai shayi a filin jirgin Jidda ya san abu biyu game da shi: shayinsa ya cika sukari, kuma bai taɓa kwana a hannun askarawa ba. Na biyun ne abin taƙamarsa. Tun yana saurayi ya tsallako teku daga Sudan ya zauna a unguwar Sharafiyya, ya ga an kwashe maƙwabta a mota ba adadi, shi kuwa ko mari bai taɓa sha ba. Sirrin, in ji shi, ba laya ba ce. Da ka hango askari, kada ka jira ya buɗe baki. Ka cusa hannu a aljihun gaba, ka zaro iƙama, wato takardar izinin zama, ka miƙa.

Haka ya horar da tilon ɗansa Othman. Sai ya shigo gida ana tsakiyar cin abinci, ya daka tsawa da muryar askari, in hannun yaron ya yi nawa ya sha jan kunne. Rahamatu, uwar yaron, takan ce ya bar ɗa ya haɗiye loma tukuna, shi kuma ya ce askari ba ya jiran loma. Har Othman ya girma hannunsa na rigan tunaninsa.

A rumfar gyaran jirage akwai wani makanike baƙar fata, Ba'amurke, wanda ya musulunta ya koma Abdulghani. Larabcinsa duk a karye yake, amma mutumin kirki ne. Shi ya ga Othman na da hannu a inji, ya yi ta fafutuka har ya samo masa hanyar zuwa garinsu Detroit, yaron ya sauka gidan yayar Abdulghani yana koyon aiki a gareji. Daga ranar Na'ibi ya ishi kowa. Ko kuɗin shayi ka zo biya sai ka ji labarin Ditirai, don haka bakinsa ya iya faɗa.

Ana tsakiyar zafin shekarar 1967 rediyo ta fara kawo labari mara daɗi. Detroit na ci da wuta. Baƙaƙen fata sun harzuƙa, shaguna na ƙonewa, an shigo da sojoji da tankoki, an hana fita, kuma kullum yawan gawa ƙaruwa yake.

Da hantsi Na'ibi ya kai wa Abdulghani shayi, ya tarar da shi zaune kan tayar jirgi, kunne manne da rediyo, ido ya yi ja. Shi ma Na'ibi hankalinsa a tashe yake, amma ya ga dattijo ne ya kamata ya ba da haƙuri. Ya ce ya kwantar da hankalinsa, mutanensa 'yan ƙasa ne, Othman kuwa ba abin da zai same shi, don ya fi kowa sanin yadda ake yi da askari. Har ya gwada masa: ya ajiye faranti, wuf, hannu ya shige aljihu.

Abdulghani ya miƙe ya cafke wuyan hannunsa, kofin shayi ya faɗi ya fashe.

"Ya ammi, haka ka koya masa?" in ji shi, yana kiransa baffa da Larabci.

"Tun yana rarrafe," in ji Na'ibi.

Abdulghani ya sake shi a hankali. Ya yi ta laluben kalmomi, Larabcin na kufce masa, har ya haɗa abin da yake so ya faɗa.

"A can, baƙi in ɗan sanda ya tsayar da shi, hannu sama yake yi, ko numfashi ba ya yi da ƙarfi. In hannu ya tafi aljihu, cewa za su yi bindiga ce. A kwanakin nan ba sa tambaya."

Na'ibi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce to ai da sun ga takarda shi ke nan, halas. Abdulghani ya ce ba za a kai ga ganin takardar ba. Na'ibi ya tambaya ko babu kafili, wani babba da zai tsaya wa mutum. Abdulghani ya ce a ƙasar aka haifi kakan kakansa, takardunsu sun fi na kowa cika, amma bai taɓa jin wanda suka tare wa harsashi ba. Ya ƙara da cewa wannan abu uwa ke koya wa ɗa tun yana ƙarami, shi ya sa bai taɓa zaton akwai baƙin da sai an gaya masa ba.

Nan Na'ibi ya gane abin da ya yi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar da jirgin ruwansu ya kusa kifewa. Ya bar tukunyar shayi a kan wuta, ya ja Abdulghani suka nufi ofishin tarho a unguwar Bagdadiyya.

Ma'aikacin ofishin ko kai bai ɗago ba. Ya ce layin Amurka ba famfo ba ne da za a murɗa, a rubuta suna a jira, ƙila yau, ƙila jibi. Na'ibi ya roƙe shi da Larabci, ya roƙe shi da Hausa, ya haɗa shi da girman iyayensa. Mutumin ya nuna masa benci.

Suka kwana biyu suna zarya. Rahamatu ta biyo su da abinci, ba wanda ya taɓa. Da ta ji abin da ake ciki ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce masa ai ta sha faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta zauna can ƙarshen benci tana jan carbi. Shi kuwa sai maimaita saƙon yake a baki, yana rage shi don kada layi ya yanke kafin ya gama: Othman, ka manta da abin da na koya maka, ka ɗaga hannu.

A rana ta uku bayan la'asar aka kira sunansu. Abdulghani ya shiga ɗan akurkin tarho, Na'ibi ya cusa kai a bayansa. Muryar yayar Abdulghani ce ke zuwa daga nesa, tana ɓacewa tana dawowa. Abdulghani ya yi magana da ƙarfi, sannan ya daɗe yana saurare. Na'ibi ya miƙa hannu a ba shi ɗansa.

Abdulghani ya rufe bakin tarhon da tafinsa.

"Ba ya gida. Tun jiya da yamma ya fita duba garejin, bai dawo ba. An kama mutane da yawa, ƙila yana cikinsu. Suna nema."

"Ta hana shi fita?"

"Ta hana. Ya yi dariya, ya dafa aljihunsa. Ya ce kada ta damu, babansa ya koya masa."

Layin ya yanke. Ma'aikacin ya kira na gaba.

Na'ibi bai san yadda ya fito titi ba. Rahamatu na biye da shi tana tambaya, shi kuma yana ce mata an kama mutane da yawa, a roƙi Allah ya sa yana kurkuku. Yau shi ne ke roƙon Allah ya sa ɗansa ya kwana a hannun askarawa. Yana tafe yana gaya wa kansa cewa yaron na da wayo, zai ga yadda sauran ke yi ya bi. Ai mutum na iya barin abin da ya saba, in ya ga rai ne a gaba.

A kan kwanar Sharafiyya wani askari ya fito daga inuwa ya ɗaga masa sanda, don kawai ya dakata mota ta wuce.

Na'ibi ya duba ƙasa. Iƙamarsa na hannunsa, a miƙe, bai kuma san lokacin da ya zaro ta ba.