Sunana a Fiffiken Tauraro

Ni mutum ne mai zafin rai, kowa ya sani. Na taɓa marin kwandasta a gadar Mararaba don ya taka mini jakar kayan aiki, na taɓa jifan wani birkila da sifana daga saman bene. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ai Ebenezer mutum ne mai sanyi, shi ya sa ya yi abin da ya yi. Ƙarya ne. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa.

Sana'ata ɗaura sola a rufin gidaje, yawanci a unguwar Gwarinpa, cikin Abuja. A can babu wanda ya san sunana, Mai Sola kawai suke ce mini, ni ma ban taɓa damuwa ba.

Wisdom maƙwabcina ne a Mararaba, ƙofarsa na kallon tawa. A shagon buga takardu yake aiki, shi ke zana katin biki da fastar coci. Amma abin da ya ci masa rai daban ne. Akwai wata manhaja da ke kwaikwayon sararin samaniya a cikin kwamfuta, ka ga duniya tana juyawa, ka ga wata, ka tuƙa kumbo. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna gina nasu kumbon ko tauraron ɗan'adam su ɗora a intanet kyauta, wanda ya so ya ɗauka ya saka a tasa. Wisdom na cikinsu. Asabar da Lahadi, in ka leƙa ɗakinsa, yana nan ya duƙa a kan laftof, hannun damansa a kan maus, yana gyara wani ƙaramin ƙarfe da ba wanda zai lura da shi.

"Ɗan sama jannatin Mararaba!" nakan ce masa. "Mutumin da ko jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba."

Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya Eben, zo ka gani dai."

Shi ne ya koya mini cewa gina ƙashin tauraron ba shi ne wahala ba, fatarsa ce wahala. In ka zana fatar da hannu sai ta fito kamar roba. Dole ka ɗauki hoton abu na gaske ka lulluɓa masa. Takardar zinaren da ke jikin tauraronsa, hoton ledar ganyen shayi ce da matarsa Kindness ta yar. Ƙusoshin kuma na tsohon janareton mai gidanmu ne. Saura fukafukan, waɗanda farantan sola ne.

"Na kasuwa duk ƙura ce da tsaga," in ji shi. "Ina son sabo fil, daga kusa, rana na dukansa."

A satin nake ƙarasa aiki a gidan wani Oga Nicholas, farantai goma sha biyu masu ƙyalli. Ran Lahadi za su coci da iyalinsa, maigadi ya tafi ganin gida, sai ogan ya ba ni makullin ƙaramar ƙofa a hannu ya ce in gama kafin su dawo. Na kira Wisdom. Ya hau tsani yana rawar ƙafa, ina yi masa tsiya, ya ɗauki hotuna sun kai hamsin. Da murna ta kwashe shi har tsakar gida da katanga da get ya ɗauka daga sama, wai wurin ya yi kyau. Muka sauko, na mayar da makulli. Ban faɗa wa Oga Nicholas na shigo da wani ba. Me zan faɗa? Hoto ne fa kawai.

Ran Alhamis da yamma wasu mutane huɗu suka tare motar Oga Nicholas a bakin get ɗinsa, suka fasa wa maigadi kai da gindin bindiga, suka tafi da Oga Nicholas. Layin nan ya rikice. Kowa na cewa akwai infoma, akwai wanda ya nuna gidan. Ni kuwa ban ga Wisdom ba a kwanakin, kuma ko da na gan shi ban san ko zan tuna in faɗa masa ba.

Ran Asabar da tsakar rana ina kan rufin gida na uku a layin, sai na ji ihu.

"Ga shi nan! Ku kama shi!"

Na leƙo. Wisdom ne, da jakar laftof a baya. Daga baya na ji cewa ni ya zo nema, ya gama tauraron ya kasa haƙurin in dawo gida. Da ya zo wucewa ta gidan Oga Nicholas, wawan, sai ya tsaya ya ɗaga waya yana gwada hoton da ke ciki da farantan da ke rufi. A layin da aka sace mutum shekaranjiya!

Kafin in sauko daga tsani sun kai shi ƙasa. Enoch, shugaban 'yan bangan layin, ƙaton mutum mai gora, shi ya fara sheme shi a baya. Masu wankin mota suka taho, 'yan acaɓa suka ajiye babura, wani mai gyaran famfo ya zo da guntun bututun ƙarfe. Na ji ƙarar gora a kan haƙarƙari, na ji Wisdom yana cewa, "Ku tsaya, don Allah ku tsaya in yi bayani," wani ya sa masa takalmi a baki, maganar ta yanke. Jini ya fito da haƙori ɗaya.

Na kutsa cikin taron da jakar kayana a kafaɗa. Wallahi da niyyar magana na kutsa.

Enoch ya ƙwace wayar, ya murɗe yatsan Wisdom ya buɗe ta da shi. Ya yi ta turawa, fuskarsa na canzawa. Sai ya ɗaga wayar sama.

"Ku gani! Daga kan rufin oga aka ɗauki wannan. Ga katanga, ga get, ga inda mota ke kwana!"

Taron ya yi wata irin kuwwa. Madam Felicity, matar Oga Nicholas, ta fito ba ɗankwali, ta faɗa kan Wisdom tana yaƙushin fuskarsa. "Ina mijina? Ina kuka kai shi? Mai ciwon suga ne, ba ya tare da maganinsa!" Sai da aka janye ta da ƙarfi. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

"Wa ya shigar da kai gidan?" in ji Enoch. "Ba ka da fiffike. Wani ne ya buɗe maka ƙofa. Wane ne?"

Na dubi gorar, na dubi bututun. A gefen kwata wani ɗan acaɓa yana zuƙo fetur daga tankinsa zuwa gorar ruwa, wani kuma yana garo tsohuwar taya. Ban da Wisdom, Oga Nicholas kaɗai ne a duniya ya san an ba ni makulli, shi kuma yana daji a hannun waɗanda suka sace shi.

Wisdom ya ɗago kai. Ido ɗaya ya riga ya rufe, amma ɗayan ya same ni. Ya gan ni sarai.

"Ni kaɗai na hau," ya ce. "Ta katanga."

"Ƙarya kake, ɗan iska!" Gora ta sake sauka, a gwiwa. Sai Enoch ya juyo, idonsa ya faɗa kaina. "Yawwa, Mai Sola. Kai ka yi aiki a rufin nan. Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinsa ba," na ce.

Haka ta fito, sumul, ko rawar murya babu. Ni da nake kumfar baki a kan an taka mini jaka.

Suka zazzage laftof ɗin, suka tilasta shi ya kunna. A buɗe take a kan abin da ya kawo mini. Duniya ta fito, shuɗiya, da wani siririn layi ya ratsa ta kan Najeriya, ga tauraron yana tafiya a hankali da fukafukansa biyu. Na gane farantan Oga Nicholas nan take, har da ɗan tabon da sukudirebana ya bari a kusurwar ɗaya.

"Kun gani?" in ji mai gyaran famfo. "Da satalayit suke bin mutane! Ga taswira nan!"

"Wasa ne," Wisdom ya ce, jini na dalala. "Ba na gaske ba ne. Ni na zana shi."

Ba wanda ya saurare shi. Enoch ya tsuguna yana dannawa barkatai, hoton ya matso kusa, tauraron ya juya. A gindin fiffiken hagu akwai rubutu da fararen haruffa ƙanana. Wisdom ya taɓa gaya mini cewa al'adarsu ce, wanda ya taimake ka sai ka rubuta sunansa a jikin kumbon, duk wanda ya ɗauka a duniya ya tashi da shi. Na ji, na manta. Ban taɓa zaton ni za a rubuta ba.

Enoch ya karanta da ƙarfi. "Ebenezer. Wane ne Ebenezer? Shi ne ogan naku?"

Ina tsaye taku biyu da shi.

"Babana ne," in ji Wisdom. "Ya rasu."

"To, tunda bakinka ya ƙi buɗewa." Enoch ya miƙe. "Da wane hannu kake ɗaukar hoton?" Mutum uku suka danne shi, suka shimfiɗa hannun damansa a kan simintin bakin kwata. Enoch ya waiwaya, ya ga jakata. "Mai Sola, ba ni gudumarka."

Na ba shi. Na zuge jakar da hannuna, na zaro ta, na miƙa masa ta wajen ƙotar yadda ake miƙa wa abokin aiki.

Sau uku ya buga. Na farko Wisdom ya yi wata ƙara da ban san maƙogwaron mutum na iya yi ba. Na biyu na ji ƙashi ya ruguje. Na uku bai yi ƙara ba, ya riga ya suma. Sun rataya masa tayar, mai fetur ya matso yana kwance murfi, sai jiniyar 'yan sanda ta shigo layin. Wata Hajiya Khairat ce ta kira su daga benenta. Suka harba sama sau biyu, taron ya watse, aka jefa shi bayan mota da laftof ɗinsa. Gudumata na nan kwance a bakin kwata. Na ɗauke ta, don tsoron kada a tambayi ta wace ce.

Bayan kwana goma sha ɗaya Oga Nicholas ya dawo da rai. Aka kama waɗanda suka yi, wanda ya nuna gidan kuma tsohon direbansa ne. Aka saki Wisdom daga gadon asibiti zuwa gida. Enoch ya bar garin. Mutanen layin suka ce ai kuskure ne, Allah ya kiyaye gaba. Kuskure! Allah ya isa tsakanina da su, in ma ina da bakin faɗin haka.

Sati uku ina fita da sassafe ina zagayawa ta bayan gida don kada in wuce ƙofarsa. Wata Lahadi bayan coci Kindness ta tare ni a bakin famfo.

"Yaya Eben, kwana biyu. Ƙaninka na ta tambayarka. Shigo mana, na ɗora shinkafa."

Yadda ta yi mini murmushi na gane bai faɗa mata komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana zaune a bakin gado, hannun a naɗe an rataye shi a wuya. Likita ya ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasa ba. Laftof ɗin na kan tebur, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma tana aiki.

"Sannu, Wisdom. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Zauna nan, Yaya Eben. Ina son in ɗora tauraron a intanet yau, amma akwai gyara ɗaya. Hagu ba ta iya riƙe maus ba tukuna."

Na zauna. Ya yi ta nuna mini da baki, a hankali, yadda yake wa kwastoma: danna nan, ja sama, buɗe fiffiken hagu, matso kusa. Sunan ya cika gilashin.

"Sa alamar a ƙarshensa. Yawwa. Ga maɓallin gogewa can sama."

Haruffa takwas ne. Na danna sau takwas, yana kallo, bai ƙifta ba. Wurin ya koma baƙin farantin sola, da ɗan tabon sukudirebana a kusurwa.

"Shi ke nan," ya ce. "Na gode."

A nan ne zafin ran nawa ya tashi, yanzu da ba shi da amfani ga kowa. Na miƙe har kujera ta faɗi. Ina kuka, ba na jin kunyar faɗa.

"Kada ka gode mini! Ka zage ni mana! Ka kira matarka ka faɗa mata gudumar wa ce! Ga ni nan, tashi ka mare ni, Wisdom, ka mare ni don girman Allah!"

Ya dube ni, ya dubi abin da ke rataye a wuyansa.

"Da wane hannu?" ya ce.

Daga waje Kindness ta ɗaga murya tana tambaya ko ta zuba wa Yaya Eben yaji da yawa kamar kullum.