Tankin da Na Saya wa Auta

Ranar cikar Baba shekara ashirin da rasuwa na yi wa Diem abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in tsinke harshena. Dangi sun cika gida, an jera agwagwa da kifin tukunyar ƙasa a gaban hoton Baba, hayaƙin turaren tsinke yana tashi. Diem, matar ƙanena Luom, ta zo wucewa da faranti, sai Kawu Bay mai fito, wanda ya riga ya kora kofi uku na barasar shinkafa, ya dubi Luom ya ɗaga murya.

"Auta, shekara tara kana shuka, ko tsiro ba mu gani ba. Gonar ce ko manomin?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuma, da bakin nan nawa da ba shi da linzami, na ce, "Kawu, manominmu lafiyarsa lau. Wata ƙasar ce ko taki ka zuba mata sai dai ta lanƙwame."

Diem ta ajiye farantin a hankali ta koma wajen murhu. Luom ya sunkuyar da kai yana murza taba a yatsa.

Mu biyar Inna ta haifa, mata huɗu, ni Nam ce ta ƙarshensu, sannan Luom. A al'adarmu gida na auta ne, teburin da ake jera hotunan kakanni ma nasa ne. Shi ke kunna wa Baba da su Kaka turare, shi ke ajiye musu shinkafa ranar tunawa da su, bayansa kuma ɗansa. In babu ɗa, wata rana turaren zai mutu, iyayenmu su koma cikin matattun da ba su da kowa, masu jiran a watsa musu gishiri da shinkafa a bakin hanya. Wannan tsoron ne ke hana Inna sakewa, ga ta da shekara saba'in da takwas. Kullum da safe sai ta dafa wa Diem wasu saiwoyi masu ɗacin tsiya, ita kuma ta karɓa hannu biyu ta shanye.

Bayan mako guda Luom ya same ni a rumfata a kasuwa, ina wanke kwanukan miyar taliya. Ya zaro wata takarda a nannaɗe cikin leda.

"Yaya Nam, karanta. Amma kar Inna ta ji."

Ashe ya saci jiki ya je asibiti a birnin Can Tho an auna shi. Na duba takardar, lambobi ne kawai, ban gane komai ba.

"Me take cewa?"

"Likita ya ce ƙwayoyin haihuwata kaɗan ne, kaɗan ɗin ma yawancinsu ba sa motsi. Ya ce maza irina yanzu har layi suke yi. Ya tambaye ni taba, ya tambaye ni barasa. Da na ce feshin maganin ƙwari nake yi a gonakin mutane shekara sha bakwai, sai ya ajiye biro. Wai in daina."

Na ji raina ya ɓaci nan take. "Ka daina ka ci me, laka? Duk mazan ƙauyen nan feshi suke yi, ga 'ya'yansu nan sun hana mu sakat. Likitocin nan in ba su tsorata mutum ba ba sa jin sun yi aiki."

Akwai dalilin da ya sa na yi zafi haka. Ni na saya masa tankin feshin. Yana shekara sha tara ya ɗaure kayansa zai bi abokansa masana'antar takalma a Binh Duong, Inna tana kuka wa zai riƙe gida. Na sayar da 'yan kunnena na zinare na sayo masa tanki na hannu, shuɗi, mai lita ashirin, na ce ga sana'a, zauna. Ya zauna.

"Ciwon bayanka ne," na ce masa. "Dubi yadda kake tafiya kamar tsohuwa mai neman allura. Kowa ya san ƙarfin namiji a ƙugu yake. In ƙugu ya karkace, ta ina abu zai bi?"

A kan fito Kawu Bay ya ba ni labarin wani Malam Khoa a Can Tho, mai gyaran ƙashin baya, wanda ya yi karatu a ƙasar waje. Wai wani direban mota ya je masa da ciwon baya, shekara ba ta zagayo ba matarsa ta haifi tagwaye. Na tambaye shi ko ya ga direban, ya ce surukin maƙwabcinsa ne ya gan shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar Talata na ɗora Luom a bayan babur ɗina muka tafi.

Wurin tas-tas, da sanyin na'ura, da ƙashin baya na roba a rataye a kusurwa. Wata budurwa da ke kan tebur ta ɗago ta tambaya, "Kawu, me ke damunka?"

Luom ya dubi ƙafafunsa. Yarinyar ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta yaya namiji zai buɗe baki ya faɗa mata irin wannan magana? Na yi caraf na ce, "Baya."

Ta rubuta baya. Ba mu ƙara ko kalma ɗaya ba, a ranar da kuma duk sauran ranakun. A ganina mai gyaran ƙugu ai ya san abin da ke kawo namiji mai shekara talatin da shida wurinsa, ba sai an tona wa juna asiri ba. Ina zaune a waje ina jiyo ƙas, ƙas, kamar ana karya rake, ina cewa a raina, yawwa, hanya tana buɗewa.

Kuma bayan nasa ya gyaru, wannan kam ba zan yi wa mutumin ƙarya ba. Zuwa na shida Luom ya miƙe sambal, har na lura ashe ya fi ni tsawo. Ya daina nishi in zai tashi. Daidai lokacin ƙwari suka sauka a kan shinkafa, kowane mai gona yana neman mai feshi ido rufe. Luom da a da tanki sha biyu ke kwantar da shi, ya koma yana zuba ashirin da biyar a yini, tun rana ba ta yi zafi ba har ta karkata. In ya dawo ya faɗa cikin ruwan bayan gida ya ɗauraye jiki, ya kora kofin barasa don ta wanke dafin, kamar yadda duk masu feshi suke yi. Ni kuwa ina ta baza labari a kasuwa. Har na sayi 'yar hular jarirai na ɓoye a ƙasan akwati.

Bayan wata uku ya koma asibiti. Wannan karon tare muka je, na tsaya a ƙarƙashin bishiya a bakin ƙofa. Da ya fito bai miƙo mini takardar ba.

"Ba su samu ko ɗaya ba, Yaya Nam."

"Ko ɗaya me?"

"Ko ɗaya."

Ban san sa'ad da na tada babur ba. Na bar shi nan tsaye na nufi wurin Malam Khoa, na ture ƙofa na wuce budurwar tana kira na. Na same shi yana wanke hannu, wani siririn mutum mai tabarau. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, na kira shi macuci, na ce wata uku yana ƙwanƙwasa mini ƙane kamar kwakwa, ga shi ɗan abin da ya rage ma ya ƙare.

Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, zauna. Haihuwa kuka zo nema?"

"To da me muka zo nema, rawa?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Da kun faɗa, da tun ranar farko na ce muku ba aikina ba ne. Ni gaɓoɓi nake saki, ciwo ya ragu, mutum ya iya sunkuyawa. Ban taɓa ba wa kowa ɗa ba."

"Direban da ya samu tagwaye fa?"

"Wane direba?"

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Kin taɓa ganin bayansa babu riga?"

Rabon da in ga bayan Luom tun ina yi masa wanka a baho.

"Akwai wani layi a fatarsa, baƙi, ya yi kaushi kamar bayan kada. Daga tsakiyar baya ya gangara har cikin wando. Na tambaye shi, ya ce gindin tankinsa ne ke ɗiga, tun shekarar da aka saya. Na ce ya yar da shi, ya je likitan fata ya duba. Ya yi dariya ya ce yana ɗaure wurin da robar tayar keke, kuma ɗigon yana sanyaya masa jiki in rana ta take. Ya ce ba zai canza ba, kyautar yayarsa ce, tanki ne mai sa'a." Ya mayar da tabarau. "Ban sani ba ko shi ne dalili, likitansa ne zai faɗa. Amma shekara sha bakwai wandonsa yana jiƙe da wannan abin."

Kuma ni na kai shi aka miƙar masa da baya don ya ɗauki ninki biyu. Garin neman gira na rasa ido, sai dai idon ba nawa ba ne. Na fito na zauna a kan babur na yi kuka kamar wadda aka aiko wa da mutuwa, masu wucewa suna kallona.

Na koma asibiti na ɗauko Luom. A hanyar gida na ce masa, "Ka daina feshin nan yau. Zan nema maka wani abu."

"Likita ya ce ko na daina, zai yi wuya ya dawo. Ya ce da tun shekarun baya na daina, da da sauran fata." Iska tana kwashe muryarsa. "Kuma na yi wa mutum huɗu alkawari gobe. Ƙwari ba sa jira."

"Diem ta sani?"

"Tun takardar farko. Ita ta ce kar a faɗa wa Inna. Ta ce gara a ci gaba da cewa ita ce, ta riga ta saba."

Washegari da safe na je gidan da niyyar in faɗa wa Inna komai. Na rantse da kabarin Baba, da wannan niyyar na je. Na tarar Diem a durƙushe, Inna ta miƙa mata kwanon saiwoyin nan yana tururi. Diem ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, ta kafa baki ta shanye har ƙasa. Na buɗe baki, ni da ake jin muryata daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan, ko sauti bai fito ba.

Inna ta dogara sanda ta je gaban teburin, ta kunna turare uku, ta ɗaga su daidai goshi. Da yake kunnenta ya yi nauyi, da ƙarfi take yi wa Baba magana.

"Tsoho, ga mu nan dai muna jira. Ka taɓa cikin yarinyar nan ko sau ɗaya. Kuma ka sa wa Nam albarka. Ba don tankin da ta saya wa Auta ba, da tuni birni ya cinye shi, da yanzu ba ka da mai kunna maka turare, balle jikokin da za su zo."

Luom ya fito daga rumfar kaya da tankin a baya, a miƙe sambal. Ya gaishe ni, ya ratsa tsakar gida ya fita. A kan simintin ya bar ɗigo a jere, tun daga rumfa har bakin ƙofa, na tsaya ina kallonsu har rana ta busar da su.